Wace kyauta zan ba malamina mai son giyar inabi ba tare da na saɓa wa addinina ba?

Ɗan Damagaram:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. 'Yan'uwa, na zo neman shawara a kan wani lamari da ya tsaya mini a rai, kuma ina roƙon waɗanda suka daɗe a ƙasashen Turai, da malamanmu masana fiƙihu, su taimaka mini da abin da Allah Ya sanar da su.

Ni ɗalibi ne a birnin Bordo da ke kudu maso yammacin Faransa, inda nake kammala digirin digirgir a fannin kimiyyar ƙasar noma. Farfesan da yake duba aikina zai yi ritaya a farkon watan Oktoba. Mutumin nan ya yi mini abin da ba kowane malami yake yi wa ɗalibinsa ba. Shi ya tsaya mini lokacin da takardar izinin zamana ta sami tangarɗa, shi ya nemo mini tallafin da na ƙarasa bincikena da shi, kuma idan watan azumi ya kama, da kansa yake mayar da taron ɗakin bincike zuwa safiya domin kada in wahala da yamma. Ba Musulmi ba ne, amma bai taɓa sa ni a halin da zan ji nauyin bayyana addinina ba.

Duk rayuwarsa ta aiki a gonakin inabi ya yi ta, yana nazarin yadda tsakuwar yankin Médoc take bambanta da farar ƙasa da yumɓun Saint-Émilion, duka biyun a kewayen Bordo, da yadda wannan bambanci yake fitowa a ɗanɗanon abin da aka girba. Yana da ɗaki a ƙarƙashin gidansa inda yake ajiye kwalabe, kuma kowa a sashenmu ya san babu abin da yake faranta masa rai kamar giyar inabi mai kyau. Saboda haka abokan aikina suka fara karo-karo domin a saya masa kwalba ɗaya daga manyan gidajen matsar giya na yankin Bordo da aka jera bisa daraja tun 1855, wadda aka matsa a shekarar haihuwarsa, kuma sun turo mini saƙo in sa nawa.

Zuciyata ba ta kwanta da sa kuɗi a cikin wannan ba, amma kuma ba na son a ga ni kaɗai na janye, a ɗauka butulci ne ko girman kai. Shin akwai wata fuska da shari'a ta yi sauƙi a irin wannan karo-karo? Idan babu, wace kyauta ce za ta nuna masa na san abin da yake so kuma na girmama shi, alhali ba giya ba ce? Wasu sun ce in sayi kofunan gilashi na musamman ko abin buɗe kwalba mai tsada, tun da su ba abin sha ba ne, ni kuwa ban sani ba ko wannan mafita ce. Allah Ya saka da alheri.

Malam Na-Zaure:

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah Ya ƙara maka tsoronSa, domin wanda ya tsaya ya yi tambaya kafin ya aikata ya riga ya kama hanyar tsira.

Game da karo-karon, maganar a fili take. Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mutum goma a kan giya, kuma a cikinsu akwai mai sayenta da wanda aka saya dominsa, da mai ɗaukarta da wanda aka kai wa. Wanda ya sa kuɗinsa a asusun da ya san giya za a saya da shi, ya shiga cikin masu saye, ko kasonsa ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Kasancewar wanda za a ba kyautar ba Musulmi ba ne bai canza hukuncinka ba, domin hanin a kanka yake. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Ibnu Abbas na mutumin da ya kawo wa Annabi kyautar salkar giya bai san an haramta ta ba, da aka sanar da shi sai ya yi raɗa da wani a kan a sayar, Annabi ya gaya masa cewa Wanda Ya haramta shanta Ya haramta sayar da ita, mutumin ya kwance bakin salkar ya zubar. Da a ce miƙa ta ga wani wanda yake sha hanya ce, da an nuna masa ita a wannan wuri.

Kofuna da abin buɗe kwalba kuwa, a nan nake so ka natsu. Kofin gilashi na yau da kullum, wanda ake shan ruwa ko madara da shi, babu laifi a kyautarsa. Amma kofin da aka ƙera musamman domin wata irin giya, kuma ka ba mutumin da ka tabbata ita zai zuba a ciki, wannan taimako ne a kan abin da aka hana, kuma aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan zunubi. Malamanmu na Malikiyya sun yi ƙarfi a babin toshe kafar ɓarna, har suka hana a sayar da inabi ga wanda aka san matsa shi zai yi ya mayar giya, alhali inabi a kan kansa halal ne tsantsa. To ina ga abin da ba shi da wani amfani sai wannan? Ni dai ba zan ba ka shawarar su ba.

Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauka addini yana so ka ɗaure wa malaminka fuska. Akasin haka ne. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, kuma Annabi ya umarci Asma'u 'yar Abubakar ta sadar da zumuncin mahaifiyarta alhali uwar ba ta musulunta ba. Mutumin da ya tsaya maka a lokacin ƙunci yana da haƙƙi a kanka, kuma saka alheri da alheri wajibi ne na mutunci kafin ma a zo kan lada. Don haka ina ganin kyautarka ta kamata ta fi kason da za ka sa a asusun nan daraja, domin kada kowa ya zaci rowa ce ta hana ka.

Abu na ƙarshe shi ne liyafar ban kwana, wadda na san ba za a rasa zagaya kwalabe a cikinta ba, ga shi kuma akwai hani a kan zama a teburin da ake zagaya giya. Mafi kyau ka nemi ganinsa a ofishinsa kafin ranar, ka miƙa masa kyautarka hannu da hannu, ka gaya masa abin da ke ranka. Idan za a yi jawabai a zauren taro kafin a koma wajen ci da sha, ka halarci wannan ɓangare, ka tafa masa tare da kowa, sannan ka yi sallama cikin ladabi. Allah ne Mafi sani.

Hajiya Mai Tuluz:

Ƙanena, na karanta tambayarka da amsar Malam, Allah Ya ƙara masa lafiya. Ba zan shiga fagen hukunci ba domin ba nawa ba ne, amma na daɗe a Tuluz, na yi aiki da Faransawa, kuma irin wannan karo-karo ya sha zuwa gabana. Abin da zan fara gaya maka shi ne ka sauke damuwar janyewa. Idan ka rubuta wa mai tattara kuɗin layi biyu cewa addininka bai ba ka damar shiga sayen giya ba, amma kana shirya wa farfesa taka kyautar daban, yawancinsu ba za su ƙara tayar da maganar ba. Abin da ba sa so shi ne a yi musu shiru ko a yi ta kwana-kwana.

Yanzu ga kyautar kanta. Abin da na fahimta game da masu son giyar inabi na gaske, ba mashaya masu neman maye ba, shi ne abin da yake ɗaukar hankalinsu ya wuce abin da ke cikin kwalbar. Suna son su san daga wace gona abu ya fito, a kan wace irin ƙasa, a wace shekara, kuma hannun wa ya yi shi. Idan ka kawo musu wani abu da yake da amsar waɗannan tambayoyi, ko da babu ɗigon barasa a cikinsa, za ka ga sun karɓe shi da hannu biyu. Faransa kuwa cike take da irin waɗannan abubuwa.

Ka yi sa'ar lokaci, domin farkon Oktoba kakar inabin ci ce. A Moissac, tsakanin garinku da namu, ana noman wani farin inabi mai ruwan zinariya da ake kira Chasselas, wanda ya sami takardar kare asalinsa tun 1971. Da hannu ake tsinkarsa, sannan a bi kowane nono da ɗan almakashi a cire 'ya'yan da suka sami tabo, a jera shi a akwati a kan takarda. Fatarsa siririya ce ƙwarai, idan ka ɗaga nono ɗaya a rana za ka hango ƙwayar da ke cikin kowane ɗa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a gonakin inabi zai gane darajar wannan akwati tun kafin ya buɗe shi. Ka haɗa masa da cuku mai kyau, kamar Comté da ya daɗe a ajiye, ko Ossau-Iraty na madarar tumaki daga yankin Basque, ka je shagon mai cuku na gaske ka ce masa kyauta ce ga wanda ya san ɗanɗano, zai yanka maka ka ɗanɗana kafin ka zaɓa. Man zaitun na Nyons shi ma abin alfahari ne a wurinsu, shi ne na farko a man zaitun na Faransa da ya sami irin waccan takarda a 1994.

Akwai kuma ruwan inabin da ba a bari ya yi tsami ba, wanda wasu kamfanoni irin su Alain Milliat suke matsawa daga iri guda, Chardonnay daban, Merlot daban, su zuba a kwalba mai kyan gani. Wannan ruwan 'ya'yan itace ne kawai, kai ma za ka iya sha tare da shi. Amma kada ka rikita shi da giyar da aka cire wa barasa, wadda take cika kantuna yanzu. Ita wannan giya ce cikakkiya aka fara yi, sannan aka janye barasar da na'ura, kuma dokar Tarayyar Turai ta yarda a bar har kashi 0.5 cikin ɗari a ciki. Ban da shubuhar da ke tattare da ita, masana irin malaminka ba kasafai suke yaba ta ba, sai ka yi hasarar kuɗi ka kuma rasa yabo.

Ina so in ja kunnenka a kan wasu abubuwa da baƙo yake ɗauka babu komai a cikinsu. Ɗan kek ɗin nan na garinku da ake kira canelé, wanda ake sayarwa a kwali mai kyau a tashar jirgin ƙasa, a girkinsa na asali ana zuba barasar rake. Busassun 'ya'yan itace na Agen suna da daɗi ƙwarai, amma waɗanda ke cikin kwalba sau da yawa a jiƙe suke da barasar Armagnac, sai ka nemi busassun da ke cikin leda ko akwatin katako. Haka cakulan, ka karanta bayan kwalin, domin masu tsadar ne ma aka fi cusa wa barasa a ciki. Turare kuma, duk da mu a wurinmu babbar kyauta ce, ban ba ka shawararsa ba, saboda waɗannan mutane suna tsare hancinsu ƙwarai, ba sa son ƙamshi mai ƙarfi kusa da abinci.

Idan da ni ce kai, zan sa wani abu na gida a saman duk wannan. Shimfiɗar teburi ta saƙi da aka rina da shuni, irin ta marinar Ƙofar Mata a Kano, ko aikin fata na dukawan Damagaram, abu ne da babu wani a sashenku da zai iya kawo masa. Ka haɗa da busasshen zoɓo mai duhu, ka rubuta masa yadda ake jiƙa shi da citta da kanumfari. Wanda harshensa ya saba da tsami da ɗan ɗaurin bakin jar giya yakan yi mamakin zoɓon da ba a cika wa sukari ba, na ga wannan da idona a teburin maƙwabtana.

Bawan Allah Wusasa:

Gaisuwa ga Malam da Hajiya, da kai mai tambaya. Ni Kirista ne daga Wusasa ta Zariya, ina zaune a arewacin Italiya. Na girmama matsayin da Malam ya bayyana, kuma ba na neman ɗan'uwa ya sauka daga kansa. Mu ma a coci-coci da dama na Arewa ba a yarda da shan giya ba, ni kaina ba na sha. Amma tun da Hausawa iri-iri ne suke karanta wannan, har da waɗanda babu wannan hani a kansu, zan faɗi abin da na sani, kowa ya ɗauki abin da ya dace da imaninsa.

Da farko, ko ga wanda ba shi da wani hani, saya wa masani kwalba abu ne mai haɗari. Kwalbar da ta kai shekara sittin ko fiye tana iya lalacewa idan ba a ajiye ta a wuri mai sanyi da duhu ba, toshiyarta tana iya ruɓewa, ga jabu ya yi yawa a kasuwar tsofaffin kwalabe. Ba kowace shekara ce kuma ta yi albarka ba, mai yiwuwa shekarar haihuwar mutum ta zo da ƙanƙara ko ruwan sama mai yawa a lokacin girbi. Abin da aka saba bayarwa a madadin haka shi ne kofunan kamfanin Riedel na ƙasar Ostiriya, wanda ya shahara da ƙera wa kowane irin inabi siffar kofinsa, ko akwatin Le Nez du Vin da Jean Lenoir ya fito da shi a 1981, wanda babbansa yake ɗauke da 'yan kwalabe 54 na ƙamshi daban-daban domin horar da hanci, ko wuƙar Laguiole mai haɗe da abin buɗe kwalba. Mai sayen Laguiole ya lura, domin sunan ya zama na kowa, yawancin masu arha ba a Faransa aka ƙera su ba. Sai dai mutum irin wannan farfesa da wuya a ce ba shi da waɗannan duka tun tuni.

Kai kuwa ɗan'uwa, abu biyu nake gani sun fi dacewa da kai. Na farko taswira. Ka ce mutumin masanin ƙasa ne, to hukumar binciken ƙarƙashin ƙasa ta Faransa, BRGM, tana buga taswirori masu launi da ke nuna irin duwatsu da ƙasar kowane yanki, kuma a shagunan tsofaffin littattafai na Bordo ana samun kwafin taswirar Cassini ta ƙarni na 18. Yankin Médoc da yake ƙauna fadama ce a da, sai a ƙarni na 17 injiniyoyi daga Holan suka janye ruwanta, tsakuwar ta fito fili. Ka sami taswirar wurin da ya fi yin bincike, ka kai a sa mata firam mai kyau, ka rubuta godiyarka a bayanta da hannunka. Wannan zai rataye a bangonsa har ƙarshen rayuwarsa.

Na biyu shi ne abin da ake alfahari da shi a nan kusa da ni, wato khal ɗin gargajiya na Modena. Ba irin na kanti mai arha nake nufi ba, wanda ake haɗawa da khal ɗin giya a ƙara masa launi. Na gargajiyar daga ruwan inabi ake yin sa, a dafa shi a hankali har ya yi kauri, sannan a zuba a jerin gangunan katako da suke raguwa a girma, kowace daga itace daban, a ajiye su a ɗakin da ke ƙarƙashin rufin gida inda zafin bazara da sanyin hunturu suke ratsa su. Kowace shekara ana ɗiban kaɗan daga ƙaramar ganga, a cike gurbin daga wadda ta fi ta girma. Doka ba ta yarda a sayar da shi da wannan suna ba sai ya kai shekara 12, mafi daraja kuma sai ya kai 25, kuma a kwalba iri ɗaya tak ake zuba shi, mai cin mililita 100. Baƙi ne wuluk, yana zuba a hankali kamar zuma, ɗigo uku a kan cuku sun isa. Duk abin da Hajiya ta ce masu son giya suna nema, wato gona da shekaru da hannun mai yi, yana cikin wannan 'yar kwalba. Amma gaskiya ita ce a cikin gangunan ruwan yakan fara yin tsami irin na barasa kafin ya juye ya zama khal, don haka na bar wa Malam ya faɗi hukuncinsa a wurinku.

Malam Na-Zaure:

Na gode wa maƙwabcinmu na Wusasa da wannan amana da ya nuna, domin da ya so da ya ɓoye wancan bayani na ƙarshe. Khal halal ne, kuma a Sahihu Muslim Annabi ya yabe shi da cewa madalla da shi a matsayin mahaɗin abinci. Kusan kowane khal a duniya ta wannan hanya yake bi kafin ya zama khal. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta halatta, saɓaninsu yana kan Musulmin da ya mallaki giya ya sa hannu ya juya ta da gangan, kamar yadda Ibnu Rushd ya kawo a Bidayatul Mujtahid. A mazhabarmu, Shehu Khalil ya lissafa giyar da aka mayar khal a cikin abubuwa masu tsarki. Kai kuwa khal za ka saya wanda ya riga ya gama juyewa, ba ya sa maye ko an sha da yawa, saboda haka babu laifi ka saye shi, ka ci, ka bayar.

Taswirar ma ban ga komai a cikinta ba, ilimin ƙasa ne, kuma fanninku ne kai da shi. Cuku da man zaitun da inabin ci abinci ne na halal, abin da ya ga dama ya haɗa su da shi a gidansa ba a wuyanka yake ba, tun da ba domin haka aka yi su ba. Akwatin ƙamshin nan ne dai nake ganin barinsa ya fi, domin an shirya shi ne musamman don ƙwarewa a ɗanɗanon giya.

Ɗan Damagaram:

Allah Ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malam, na gamsu, kuma na riga na rubuta wa mai tattara kuɗin kamar yadda Hajiya ta ce, ta amsa mini da cewa babu matsala. Na tsayar da shawara a kan taswirar yankin Médoc da akwatin inabin Moissac, khal ɗin kuma zan duba ko aljihuna zai ɗauka. Wani ɗan'uwana zai taso daga Yamai a ƙarshen watan Satumba, na ce ya zo mini da shimfiɗar teburi da zoɓo. Ina tunanin in ce ya ƙaro kilishi, domin farfesan ya taɓa tambayata yadda muke adana nama a zafin Sahel, da kuma 'yar kwalba ta ƙasar gonarmu ta gado, tun da ƙasa ce sana'arsa. Hajiya, ko kina ganin wannan ya yi?

Hajiya Mai Tuluz:

Ƙanena, tunanin yana da kyau, amma duka biyun kada ka sa ɗan'uwanka ya ɗauko su. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama ko madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashe irin namu, ko busasshe ne ko dafaffe, kuma kilishi yana ciki. Idan jami'an kwastan suka gani za su ƙwace su lalata, wani lokaci har da tara. Ƙasar noma ma an hana shigo da ita sai da izini na musamman irin wanda ɗakunan bincike suke nema, saboda ƙwari da cututtukan da take iya ɗaukowa. Malaminka ya fi kowa sanin dalili, domin ƙwaron phylloxera da ya zo daga Amurka a shekarun 1860 ya cinye saiwar gonakin inabin Faransa, ba a tsira ba sai da aka koma aura irin Turai a kan saiwar irin Amurka, kuma har yau a kan wannan saiwa yawancin gonakin Bordo suke tsaye.

Idan kana son ya ɗanɗana kilishi, ka sa a kawo maka yajin da ƙuli-ƙulin, ka sayi naman sa a wurin mahaucin halal na unguwarku, ka ce ya yanka maka shi fale-fale, ka shafa labu ka busar a tanda da wuta kaɗan. Maimakon ƙasar kuma, ka ce a ɗauko maka hoton ramin da aka haƙa a gonar taku, wanda zai nuna jerin launin ƙasar daga yashin sama har zuwa jar ƙasar da ke ƙasa, a sa ma'auni a gefe kamar yadda kuke yi a aikinku, ka wanke shi babba ka haɗa da taswirar. Inabin Moissac kuwa kada ka saye shi sai ana gobe za ka kai, kuma ka duba tambarin asalin a jikin akwatin kafin ka biya.